Layina Yana Hannun Inna

Layin wayata na gida yana Daura, a hannun Inna, kuma can zai ci gaba da zama. Na fara da faɗin haka ne don na gaji da masu ba ni shawara. Duk wanda ya ji cewa ina zaune a Ingila amma saƙon banki sai ya fara sauka a wayar wata tsohuwa mai tuyar ƙuli-ƙuli a bayan Kusugu kafin ya iso gare ni, sai ya gyara zama ya hau koya mini dabara. Na san dabarun nan duka, wasu ma ni na koya wa masu koya mini su.

Ni malamar jinya ce. Na yi shekaru ina aiki a asibiti a garinmu kafin na samu aikin kula da tsofaffi a wani gari na arewacin Ingila, inda ruwan sama ba ya jin kunyar kowa. Layin nan kuwa tun ina makarantar koyon jinya nake da shi. Da shi na buɗe asusun banki, da shi na yi rajistar lasisin aikina na gida. Duk abin da zan shiga a waya sai an turo masa wata lamba mai guda shida, in karanta in rubuta cikin 'yan mintoci, in na yi jinkiri ta lalace. Idan layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani ya kan karɓe abinsa ya sayar wa wani, lambobina su koma faɗawa aljihun baƙon da ban taɓa gani ba. Gyaran wannan kuwa sai na hau jirgi na zo da kaina na dangwala yatsa a banki.

Kafin na tafi na yi ta tambaya. Wasu suka ce in tafi da sim ɗin, wasu suka ce sun tafi da nasu saƙo ya ƙi shiga, ga kiran da za ka riƙa yi daga can don kada layin ya mutu, shi ma tsadarsa ta isa. Hanya mafi arha ita ce a bar shi a gida cikin 'yar ƙaramar waya mai tocila, a hannun wanda aka yarda da shi. Yayana, wanda ke harkar dabbobi tsakanin kasuwannin Baure da Mai'aduwa, ya miƙo hannu tun ban rufe baki ba. Ya ce in kawo ya sa a wayarsa mai cin sim biyu, magana ta ƙare. Ina son Yaya, amma na san halinsa. Ba ya iya ganin ƙullin leda bai kwance ba, kuma abin da ya gani da safe, kafin azahar 'yan majalisarsu ta gindin dalbejiya sun gama ji. Na ce masa na gode, na wuce wajen Inna.

Na same ta a tsakar gida tana matsar mai daga tunkuza. Na durƙusa na ajiye wayar a kan tabarma.

"Inna, ga amana. Duk abin da na mallaka yana rataye da wayar nan. Kada ki ba kowa, ko Yaya ne."

Ta goge hannu da gefen zani, ta ɗauki wayar da hannu biyu, ta ce, "Allah Ya ba ni ikon riƙewa."

Iyakar abin da na faɗa mata ke nan. Na daɗe ina ɗora mata laifin abin da ya biyo baya, amma yau da nake rubutawa na san ni ce na yi rowar magana.

Watannin farko a Ingila ban tuna da layin ba ko sau ɗaya. Babbar wayar da na tafi da ita ta riga ta san ni, ba ta neman wata lamba. Ni kuma ina fama da sanyi, da koyon hanyar mota, da tsofaffin da ba na gane rabin abin da suke faɗa. Inna tana da tata wayar daban, a nan nake kiranta jefi-jefi. Da mun gaisa za ta ce in je in huta, kada kiran ya yi mini tsada. Ni ma, gaskiya, ba na musu.

Kusan wata shida da tafiyata, ina yi wa wata tsohuwa wanka, babbar wayata ta zame daga aljihun riga ta faɗa ruwa. Tsohuwar ta yi dariya har da tafi. Na sayi sabuwa, sai komai ya ce bai san ni ba: banki na neman lamba, shafin lasisi na neman lamba. Ga shi saura kwana goma wa'adin sabunta lasisina na gida ya cika, wanda in ya wuce sai an sake doguwar hanya. Ban damu ba sosai, don na san inda na bar abina. Da na samu hutun rana na kira Inna.

"Inna, ina wayar nan da na ba ki?"

"Tana nan lafiya lau. Ko ƙuda bai sauka a kanta ba."

"To ɗauko ta, za a turo saƙo yanzu."

Sai na ji ƙarar makulli. Na ji ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa, na ji an ɗaga murfi ya yi ƙara.

"Inna, a ina kika ajiye ta?"

"Cikin kwallar ƙarƙashin gado mana, tare da sarƙata da takardar gona. Na naɗe ta da sabon ɗankwali, na zuba kafur. Batirin ma na cire na ƙulle daban, yadda Malam ke yi wa rediyonsa, kada ya zub da ruwa ya cinye mata ciki."

Malam shi ne marigayi mahaifinmu, kuma rediyon nasa har yau yana aiki, don haka a wajen Inna babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Tun ranar da na bar gida wayar take kwance a cikin kwalla, ba batir, ba kira, ba kati.

Na ɗaga wa Inna murya, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na ce ta kashe ni, na ce wa ya ce ta binne waya kamar gawa, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, cikin sanyin murya:

"Amana kika ce, 'yar nan. A gidanmu ba a taɓa amana. Da kin ce in riƙa wasa da ita, da na yi."

Na ji kunya, amma fushina ya fi kunyar yawa a lokacin, na kashe waya ba sallama.

Washegari Yaya ya kira. Ya ce an mayar da batir, an yi caji a gaban Inna, wayar ta kunnu, amma ba ta kira ba ta karɓa. Muryarsa har da wani daɗi-daɗi a ciki.

"Ai na faɗa miki tun farko. Layi ya tafi, ki haƙura. In Allah Ya kawo ki gida sai ki mayar da komai kan lambata. Ke ma dai, tsohuwar da ba ta san bambancin biyu da biyar a rubuce ba, ita za ki ba wa irin wannan aiki?"

Jiya-jiya na gama yi wa Inna tsawa, amma da na ji wani ya raina ta sai raina ya ɓaci fiye da na jiya. Na ce masa ban haƙura ba, kuma ko layi goma zan sake, a hannun Inna za su zauna. Ya ce taurin kaina ne zai kai ni ya baro. Na ce na ji, ya gai da gida.

Ashe Inna ba ta zauna ba. Ita da ba ta cika fita ba sai biki ko ta'aziyya, ta sa hijabi, ta naɗe wayar cikin ɗankwalin nan, ta taka har bakin hanyar Zango wajen Madam. Madam 'yar ƙabilar Ibo ce, tana da shagon wayoyi da kati a jikin shagon mijinta na kayan gyaran babur. Ta fi shekara ashirin a Daura, man gyaɗan Inna take saye tun ina yarinya, kuma Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Da yamma sai ga kiran Madam.

"'Yar'uwa, ga Mama a gabana. Ta hana ni riƙe wayar fa, wai amana ce. Ita ke riƙewa, ni ina dannawa."

Na ce ta yi haƙuri, ta gaya mini gaskiya, layin ya mutu?

"Bai mutu ba, suma ya yi. Da kun ƙara 'yan makonni da sai dai labari. Tsaya mu gani."

Ta kankare kati ta loda, ya shiga. Ta kashe wayar ta kunna, muka jira. Ina tsaye a bakin ƙofar baya ta wajen aikinmu, yayyafi na dukana, ban ma sani ba. Can sai ta danna lambar ɗaya wayar tata daga layina, na jiyo waƙar coci ta tashi a cikin shagon. Ban taɓa jin daɗin wata waƙa kamar ta ranar ba.

Ina ji Madam ta juya ga Inna tana mata bayani. "Mama, layi ba sarƙa ba ne da za a ɓoye. Kamar akuya yake, sai ana ba shi abinci ana fitar da shi yana shan iska. Kati kaɗan duk wata, kira ɗaya duk mako, shi ke nan."

Inna ta ce, "Au! To me ya hana 'yar nan ta gaya mini haka?"

A nan na roƙe ta gafara, Madam na ji, masu sayen kati na ji. Ta ce ya wuce. Tun daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Inna ke kiran ƙanwarta da ke aure a Zango da layina, su gaisa na minti ɗaya, ta ce ta fitar da akuya kiwo.

Saura karatun lambar. Inna ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, lissafin kai kuwa babu mai cutarta, amma lambobin boko ba ta taɓa zama ta koya ba. Madam ta yanko gefen kwalin fulogi daga shagon mijinta, ta rubuta sifiri zuwa tara manya-manya da baƙin alƙalami. Inna ta kafe kwalin a bango saitin inda take tuya, tana juya ƙuli tana bita. Yaya in ya shigo ya gani sai ya yi dariya ya ce Inna ta shiga aji ɗaya. Ba ta ko ɗaga kai ta dube shi.

Bayan kwana biyar muka gwada. Na danna a turo lamba, sannan na kira ta da sauri.

"Inna, saƙo ya shigo, karanto mini!"

"Salamu alaikum. Ina wuni, 'yar nan?"

"Lafiya lau, Inna, lambar!"

"Ya aiki? Ya sanyi? Ya tsofaffin naku, da sauƙi dai?"

"Inna, don Allah, lokaci na tafiya!"

"Ikon Allah. Yanzu a ƙasar taku ba a gaisawa?"

Kafin ta gama tambayar maƙwabciyata da ta taɓa jin labarinta sau ɗaya, lambar ta lalace. Na sake dannawa a karo na biyu, sai ta ce in dakata, tabaranta na ɗaki. Ta je, ta dawo, ta karanta guda huɗu daidai, lokaci ya cika. Shafin ya rubuto mini cewa saura gwaji ɗaya, in na sake kuskure za a rufe ni na wasu kwanaki. Kwanakin nan kuwa su ne suka rage wa lasisina.

Yaya na tsaye a wajen, ina jin muryarsa. "Inna, kawo in karanta mata mu huta. Abin daƙiƙa biyu ne."

Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta raya mini in ce ta ba shi. Sau ɗaya ne kawai, wa zai sani? Ina cikin wannan tunani na ji Inna ta ce masa, "Ba kai aka ba wa ba." Sai na ji na tsaya da ƙafafuna. Na ce, "Yaya, matsa ka ba ta wuri. Inna, zan sake kira gobe da hantsi."

Da na kwanta da abin a raina sai na gane wautar tawa ce. Ni ke danna neman lamba kafin in kira, sannan in zo ina fushi da gaisuwa, kamar yau na fara sanin uwata. Washegari na kira ta ban danna komai ba. Muka gaisa tsaf. Na tambayi ƙuli, na tambayi awaki, na tambayi ƙanwarta ta Zango da ciwon ƙafarta, ta ba ni labarin rijiyar maƙwabta da ta rufta da wanda ya haihu da wanda ya dawo daga ci-rani. Sai da maganar ta ƙare don kanta na ce, "Inna, tabarau na ido?" Ta ce yana ido. "Kwali na gabanki?" Ta ce yana gabanta. Na ce bismillah, na danna.

Na ji ƙarar shigar saƙo daga can Daura. Ta fara, a hankali, tana ja kamar mai bita a gaban malami. "Huɗu. Tara. Wannan mai kama da lauje, bakwai. Sifiri. Huɗu kuma." Sai ta tsaya. Ina kallon agogon shafin yana cin lokaci, na cije leɓe na hana kaina magana. "Biyu," ta ce. "A'a, tsaya. Cikinsa na gaba. Biyar ne."

Na rubuta biyar. Shafin ya buɗe.

"Ya shiga?"

"Ya shiga, Inna."

Na ji ta juya ta ce wa Yaya, "Ka ji ko?" Ni kuwa na kifa kai a kan teburin ɗakin shan shayin ma'aikata na yi kuka, har wata abokiyar aikina ta zaci rasuwa aka yi mini.

Haka muka ci gaba shekara biyu. Inna ta ɗinka wa wayar 'yar jaka da igiya, ta rataya a wuya ƙarƙashin hijabi. Ta ƙware har ta daina duban kwali. In Yaya ya miƙa hannu da wasa, sai ta buge shi da mafici.

Da na zo hutu na farko, na je gai da Madam da 'yar tsarabata. Ta tare ni da albishir. Ta ce yanzu saƙo na shiga a ƙasashen waje ba wahala, 'yan'uwanta da ke can duk haka suke yi, kuma akwai tsarin da za ka biya abu kaɗan a ajiye maka layi ko ba ka kira. Na yi murna ƙwarai. Na ce a raina na sauke wa Inna nauyi, ta huta da rataye waya da neman tabarau.

Ranar da zan koma, da safe, Yaya na waje yana jira da motar da za ta kai ni Kano, na durƙusa gaban Inna na yi mata bayani. Ta saurara har na gama. Ta sa hannu ƙarƙashin hijabi ta ciro jakar, ta zare igiyar daga wuyanta, ta miƙo mini da hannu biyu yadda ta karɓa.

"Ga amanarki, lafiya lau. Allah Ya tsare hanya. Sai dai in ji ki da Sallah ke nan."

"Haba Inna, ai ina kiranki."

"Kina kira. Amma in babu lamba sauri kike yi, ni ma nauyi nake ji in tsare ki da surutu, kina da aiki. In akwai lamba kuwa, ai aiki muke yi tare."

Ba da fushi ta faɗa ba, ba kuma don ta sa ni jin wani abu ba. Na ciro babbar wayata a gabanta na duba jerin kiran da na yi mata. Duk mai tsawo a cikinsu ranar lamba ce. Sauran minti biyu ne, minti uku. Ni da nake wuni ina sauraron uwayen wasu suna maimaita mini labari ɗaya sau goma, ina murmushi, tawa uwar sai da na buƙaci lamba shida nake zama in ji ta. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Na warware igiyar na mayar mata a wuya. Ta ce, "Ba kin ce ya fi sauƙi ba?" Na ce ya fi, amma ba na so.

A mota Yaya ya tambaya ko na ɗauko. Na ce a'a. Ya buga sitiyari ya ce wallahi bai taɓa ganin mai neman wahala da kuɗinta irina ba. In wayar ta faɗa cikin mai fa? In aka sace? Idon Inna kullum ƙara rauni yake, in ranar ta zo da... Bai ƙarasa ba, ni ma na san abin da yake nufi. Na ce masa in ranar nan ta zo, jirgi zan hau, ko da layi ko babu, don haka ya ja mota mu tafi.

Abokan aikina ma sun ce ba tsari ba ne, kuma na yarda ba tsari ba ne. Wani lokaci sabis na ɗaukewa a Daura in wuni ban shiga banki ba. Wani lokaci Inna na gidan biki sai ta dawo. Na gwada kiranta haka kawai ranakun da babu lamba, ina yi kuma, amma ba ta sakin jiki, da mun gaisa za ta ce in je in huta.

Duk lokacin da ta karanto mini lambar na rubuta, akwai wani ɗan akwati da ke fitowa a ƙasan shafin, yana tambaya ko a tuna da wannan wayar, kada a sake neman lamba nan gaba. Ina ganinsa sarai. A'a nake dannawa.